Sardauna a Fagen Wasa: Wani Ɓangare na Tarihin Sa Ahmadu Bello

Gabatarwa

Duk ɗalibin da aka ce ya kawo tarihin Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne siyasa da mulki. Zai ambaci jam'iyyar NPC, da kujerar Firimiyan Jihar Arewa, da jami'ar da ke Zariya, sannan ya rufe da daren 15 ga Janairun 1966. Duk wannan gaskiya ne, kuma an yi ta rubutu a kai. Amma akwai wani ɓangare na rayuwar marigayin da ba kasafai ake tsayawa a kansa ba, wato sha'awarsa ga wasannin motsa jiki, musamman wani wasan ƙwallo da ake bugawa da tafin hannu a jikin bango, wanda Turawa ke kira Fives, mu kuma bakinmu ya mayar da shi fayif. Ya koye shi yana ɗalibi, ya riƙe shi yana malami, kuma bai yar da shi ba har ya zama Firimiya. Wannan maƙala za ta bi rayuwar Sardauna ta wannan ƙofa, domin a cikinta akwai amsar wata tambaya da ke damun malamai da masu horar da 'yan wasa a yau: me ke sa yaro ya kama wasa da zuciya ɗaya, ya kuma daɗe a cikinsa?

Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Ahmadu a garin Raba, kimanin mil 20 daga birnin Sakkwato, a shekarar 1910 kamar yadda shi kansa ya rubuta a littafin tarihin rayuwarsa, ko da yake wasu marubuta na cewa 1909 ne. Mahaifinsa Ibrahim shi ne hakimin Raba, ɗa ne ga Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Raba, shi kuma ɗan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ahmadu yana da kimanin shekara shida mahaifinsa ya rasu. Ya fara da karatun allo a gida kamar kowane ɗan Musulmi na wancan zamani, daga baya aka kai shi makarantar lardi ta Sakkwato, inda ya fara boko.

Yana da kyau mai karatu ya tuna yadda wasa yake a ƙasar Hausa a lokacin. Kusan kowane wasan ƙarfi yana da masu shi. Dambe an fi saninsa da mahauta. Kokawa ta samarin karkara ce, bayan an kau da amfanin gona. Sharo na Fulani ne. Langa da 'yar tsere na yara ne a dandali, da zarar mutum ya girma sai ya bar su. Ɗan sarauta kuwa nasa shi ne doki, ya iya hawa, ya iya sukuwa, ya iya jafi a gaban sarki ranar salla. Ba a saba ganin jikan Sarkin Musulmi ya tuɓe riga ya shiga fage ɗan talaka ya kayar da shi ba. Makarantar boko ce ta fara rushe wannan katanga, kuma a Katsina aka fi rushe ta.

Kwalejin Katsina

A shekarar 1926 Ahmadu ya sami shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a hukumance a 1922. A wancan lokaci ɗaliban Sakkwato a ƙasa suke takawa zuwa Katsina, tafiyar kusan mako guda. Manufar Turawa a fili take: su ɗauko yara kaɗan daga lardunan Musulmi, su horar da su shekara biyar, su mayar da su garuruwansu su koyar a makarantun En'e. An tsara kwalejin bisa salon makarantun kwana na 'ya'yan manya a Ingila, inda ake ɗaukar filin wasa tamkar wani aji ne. Da safe karatu, da la'asar fili. Ana buga kurket, ana buga ƙwallon ƙafa, ana tsere, ana kuma buga fayif.

Mu ɗaliban Hausa muna da alaƙa da wannan kwaleji fiye da yadda muke zato. Malam Bello Kagara, mai littafin Ganɗoki, ya koyar a can. Abubakar Imam ya shiga a 1927, shekara guda bayan Ahmadu. A 1928 kuma wani yaro daga lardin Bauchi ya iso, shi ne Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya gama a 1933 ya dawo nan Bauchi ya kama koyarwa a makarantar Midil, ya kuma rubuta Shaihu Umar. Ke nan na tsawon wasu shekaru, wanda zai zama Firimiyan Arewa, da wanda zai zama Firayim Ministan Nijeriya, da wanda zai rubuta Magana Jari Ce, duk suna cikin harabar makaranta ɗaya, ƙararrawa ɗaya ke tashinsu, ita ce kuma ke fitar da su fili da yamma. Asalinsu kuwa ba ɗaya ba ne. Ahmadu jinin Shehu ne, shi kuwa Abubakar mahaifinsa, Yakubu Ɗanzala, hidima yake yi a gidan hakimin Lere. A waje tazarar da ke tsakaninsu mai nisa ce. A fili kuwa ƙwallo ba ta tambayar gidan da mutum ya fito.

A cikin wasannin nan duka, fayif ne ya kama zuciyar Ahmadu, ya ƙware a kai har ya zama kyaftin ɗin wasan a kwalejin. Tun da yawancin masu karanta wannan mujalla ba su taɓa ganin an buga shi ba, bari mu ɗan tsaya a kansa.

Yadda Wasan Yake

Asalin irin fayif ɗin da ya zo mana daga makarantar Eton ne a Ingila, wadda 'ya'yan sarakuna da na masu mulki ke zuwa. Ɗalibai ne suka fara shi a jikin majami'ar makarantar, a wani lungu da ke gindin matakala, suna buga ƙwallo a bango kafin a kira su ciki. Da aka zo gina fagen wasan na musamman a 1840, sai aka kwaikwayi lungun nan da duk karkacewarsa. Shi ya sa har yau fagen yake da wata siffa mai ban mamaki. Bango uku ne, gaba da dama da hagu, baya kuma a buɗe. Daɓen hawa biyu ne, na gaba ya ɗara na baya tudu kaɗan, kamar ɗan dakali. A jikin bangon hagu kuma akwai wani guntun gini da ya ɓullo ya shigo cikin fage, wanda in ƙwallo ta dake shi ba mai iya cewa ga inda za ta nufa. Galibi ana danganta sunan wasan da kalmar Ingilishi mai nufin biyar, wato yatsun hannu.

Mutum huɗu ke bugawa, biyu-biyu. Ana dukan ƙwallo da tafin hannu ta bugi bangon gaba a sama da wani layi, abokin hamayya kuma dole ya mayar da ita kafin ta taɓa ƙasa sau biyu. Ɓangaren da ke da bugun farko shi kaɗai ke iya cin maki, kuma a maki 12 ake tashi. Hannu biyu duka ake amfani da su. Ga yaron Bahaushe da aka tasa da kwaɓa duk lokacin da ya miƙa hagu, wannan kaɗai wani sabon karatu ne, don kuwa wanda hagunsa ba ta aiki ba ya zuwa ko'ina a fayif.

Wani jami'in ilimi Bature mai suna S. J. Hogben, wanda ya koyar a Katsina da Birnin Kabi a shekarun 1920, shi ake dangantawa da kawo wasan Arewa. Shi ne daga baya suka wallafa sanannen littafin nan na tarihin masarautun Arewa tare da Kirk-Greene a 1966. Amma da wasan ya iso sai ya sauya kama. A Ingila da safar hannu ake bugawa, ƙwallon kuma ƙarama ce mai tauri. A nan kuwa fagagen farko da ƙasa aka gina su, irin ginin magina na gargajiya, ƙwallon Ingila kuma sai ta riƙa ɓantare bango. Sai aka koma ga ƙwallon tanis, aka ajiye safar hannu. Wannan ɗan sauyi shi ya ba wasan rai a ƙasar nan. Bango uku da magini zai iya tayarwa, da tsohuwar ƙwallon tanis guda ɗaya, sun ishi yara huɗu har magariba.

A gwada wannan da ƙwallon dawaki, wadda ita ma a Katsina ta kafu a shekarun nan, ta hannun Sarki Muhammadu Dikko da ɗansa Usman Nagogo, wanda ya yi suna ƙwarai a wasan. Ƙwallon dawaki sai mai barga. Fayif kuwa ko yaron da bai mallaki takalmi ba zai iya shiga.

Wannan dabara ta rage wa wasa nauyi don ya yi daidai da yaro da abin hannunsa, wasu ma a wata nahiyar sun gano ta. A Amurka, inda wasan besbol na jifa da bugun ƙwallo da sanda yake kamar ƙwallon ƙafa a wurinmu, wani ƙaramin ma'aikaci mai suna Carl Stotz ya lura filin manya ya fi ƙarfin 'ya'yan 'yar'uwarsa. Sai ya rage tazarar da ke tsakanin tashoshin gudu daga ƙafa 90 zuwa ƙafa 60, ya nemo wa yara riguna irin na manyan 'yan wasa, ya fara gasa da ƙungiyoyi uku kacal a garin Williamsport a 1939. Gasar nan ita ce ta bazu ƙasashe da dama, har wata ƙungiya daga Yuganda ta buga a gasar duniya ta yaran a 2012. Shi ya rage fili, mutanen Katsina suka sauya ƙwallo, amma tunanin ɗaya ne.

Sai dai abin da ya fi ɗaukar hankali a fayif shi ne ba shi da alƙalin wasa. 'Yan wasan huɗu su ne alƙalan kansu. In ƙwallo ta taɓa ƙasa sau biyu kafin ka buga, sau da yawa kai kaɗai ka sani, kai ne kuma za ka faɗa, ka ba abokin hamayya makin da hannunka. In ka tare wa wani hanya ba da gangan ba, kai za ka ce a sake. Yaron da ke ɓoye irin wannan, ba a daɗewa sauran ke gane shi, kuma hukuncinsa shi ne ya rasa wanda zai yi wasa da shi. Turawan sun so wannan don suna neman ma'aikatan da za a ba amanar baitulmali da haraji. Amma ba baƙon abu ba ne ga yaron da ya tashi a gidan malamai yana jin ana maganar amana da kunya. Ina ganin wannan na daga cikin dalilan da suka sa wasan ya zauna daram a Sakkwato da Katsina, alhali kurket bai yi saiwa irin haka ba.

Daga Aji Zuwa Sarauta

Ahmadu ya kammala kwaleji a 1931, ya koma Sakkwato ya zama malami a makarantar Midil. Malamin da aka horar a Katsina aikinsa ba ya ƙarewa da tashi daga aji, don makarantun Midil na kwana ne, kuma da yamma malamai ke fita da yara fili. Shekarunsa a lokacin ba su wuce ashirin da 'yan kai ba, bai girmi manyan ɗalibansa da yawa ba, ga shi dogo kakkaura, ga kuma sunan da ya zo da shi na kyaftin. Duk wanda ya yi makarantar kwana ya san bambancin malamin da ke tsayawa a inuwa da bulala yana ba da umarni, da malamin da ke naɗe hannun riga ya shigo a yi gumi da shi. Na farko ana yi masa wasa don tsoro, ranar da ba ya nan fili ya zama kango. Na biyu kuwa yaro kan kwana yana tunanin ranar da zai ci shi.

Shekara uku ya yi yana koyarwa. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya naɗa shi hakimin Raba, kujerar mahaifinsa. A 1938 Sarkin Musulmi Hassan ya rasu, Ahmadu na cikin waɗanda suka nemi gadon, amma aka zaɓi Abubakar na Uku, wanda ya yi shekara 50 a kan karaga. Sarautar Sardauna da sabon Sarkin ke riƙe da ita kafin naɗinsa sai ta koma kan Ahmadu, aka kuma tura shi Gusau ya kula da gundumomin gabashin masarauta. Wannan faɗuwa ta yi masa ciwo, kuma sanannen abu ne cewa burin sarautar Sarkin Musulmi bai taɓa barin zuciyarsa ba. A 1943 wata jarrabawar ta biyo baya, aka zarge shi da taɓa kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta yanke masa ɗauri. Ya ɗaukaka ƙara zuwa Zariya, inda aka wanke shi. Daga baya aka sasanta shi da Sarki, ya dawo Sakkwato ya ci gaba da aiki a majalisar wanda ya kayar da shi. Ba za a ce fayif ne ya koya masa wannan ba, don tarbiyyar gida da addini suna gaba. Amma mutumin da ya saba tun yana yaro a ci shi yau, gobe ya dawo fage ɗaya da wanda ya ci shi, ya riga ya sami wani horo da littafi ba ya bayarwa.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. A 1948 ya je Ingila ya yi nazarin mulkin ƙananan hukumomi. A 1949 ya shiga Majalisar Wakilai ta Arewa a Kaduna, a 1952 ya zama minista, a 1954 ya zama shugaban NPC kuma Firimiyan Jihar Arewa na farko. Da lokacin kafa gwamnatin tarayya ya zo, ya zaɓi ya zauna a Kaduna, mataimakinsa a jam'iyya, wato ƙaninsa na kwaleji Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya zama Firayim Minista a Legas a 1957. Arewa ta sami mulkin kai a ranar 15 ga Maris 1959.

Firimiya a Fage

A nan ne labarin ya fi daɗi. Yawancin mutanenmu da zarar sun sami muƙami sai su ga wasa ya zama ƙasƙanci gare su. Babbar riga da rawani da tumbi su ne alamar an isa, gudu kuma sai yara da marasa aikin yi. Sardauna kuwa, mutumin da ake yi wa kirari da Gamji, wanda in ya fito sai an yi ta busa da kiɗa, ya ci gaba da buga fayif a Kaduna da yamma, tare da ministocinsa da manyan ma'aikatan gwamnati, waɗanda da yawansu tsofaffin ɗaliban Katsina ne. A wata ziyara da ya kai Ingila ya je har Eton, mahaifar wasan, ya shiga fagensu ya buga.

A nan dole mai rubutu ya ɗan yi murmushi. An san Sardauna da zafin nema da ƙin a kayar da shi a kowane fage. To, ƙaramin ma'aikacin da aka kira ya kara da Firimiya, a wasan da ba alƙali, yaya zai yi in ya ga ƙwallon mai gida ta taɓa ƙasa sau biyu? Dokar da ke aiki sosai tsakanin ɗalibai huɗu sa'o'in juna, tana iya yin rauni in ɗaya daga cikin huɗun shi ke sa hannu a takardar ƙarin girman sauran ukun. Wannan matsala ce da duk babban da ke wasa da na ƙasa da shi ya kamata ya sani, ko malami ne ko koci. In yaro ya gane ba a yarda ya ci ba, ko ya gane da gangan aka bar shi ya ci, duka biyun suna kashe masa gwiwa.

Duk da haka, tasirin shigarsa fage ya fi wannan girma. Yaron makarantar sakandare a Arewa a shekarun 1950 da 1960 ya san cewa wasan da yake bugawa a bayan ɗakin kwanansu shi ne wasan da Firimiya ke bugawa. Babu wata lacca a kan amfanin motsa jiki da za ta kai wannan shiga zuciya. Da goyon bayansa wasan ya bazu, aka gina fagage a makarantu da garuruwa, ya kuma fita daga hannun 'yan boko kaɗai ya zama abin da jama'ar gari ke taruwa kallo. A ƙarshen zamaninsa ne kuma aka gina babban filin wasa na Kaduna wanda ke ɗauke da sunansa.

Ba a raba wannan da babbar damuwarsa, wato ƙarancin 'yan Arewa masu ilimin zamani. Ya karɓi yanki mafi girma da yawan jama'a a Nijeriya, amma mafi ƙarancin 'yan makaranta. Manufarsa ta mayar da aikin gwamnati hannun 'yan Arewa ta dogara ne kacokan ga yaran da ke makarantun sakandare a lokacin. Shi ya sa ya riƙa bin makarantu da kansa, yana zuga ɗalibai su yi karatu, su shiga aikin gwamnati, su shiga soja. A ranar 4 ga Oktoban 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, shi ne kuma ya zama uban jami'ar na farko. A wannan shekara ce aka buga littafin tarihin rayuwarsa da Ingilishi. Mutumin da ke kallon kowane ɗalibi a matsayin Di'o ko hafsan gobe, ba zai ɗauki lafiyar jikinsa da halinsa a fili da wasa ba.

Akwai inda tsarin ya gaza, kuma bai kamata a ɓoye ba. Kwalejin Katsina ta maza ce zalla, ta kuma ɗauki yara 'yan ƙalilan. Wasannin da aka ɗaukaka a makarantu na Turawa ne, su langa da kokawa aka bar su a bakin ƙofa kamar ba su da abin koyarwa, alhali langa tana buƙatar juriya da dabara da haɗin kan 'yan ƙungiya kamar kowane wasan da aka kawo daga waje. 'Yan mata kuwa, waɗanda suka sami shiga makaranta ma kaɗan ne, balle fili. Wannan giɓi har yau ba mu gama cike shi ba.

Mu a Nan Bauchi

Babban filin wasa na garin nan sunan Abubakar Tafawa Ɓalewa yake ɗauke da shi, a nan Wikki Tourists ta yi suna. Sau biyu duniya ta kawo mana matasanta: a 1999 an buga wasu wasannin gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a Bauchi, a 2009 kuma na 'yan ƙasa da shekara 17. Filin Ahmadu Bello na Kaduna shi ma ya karɓi baƙi a gasannin biyu. Ke nan filayen da ke ɗauke da sunayen tsofaffin ɗaliban Katsina biyu sun ga 'yan wasan da suka zo daga nahiyoyi daban-daban.

Amma a gasar 2009 ɗin ce hukumar FIFA ta fara amfani da na'urar ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don gane ainihin shekarun 'yan wasa, kuma kafin a fara gasar sai da aka sauke 'yan wasa da dama daga tawagar Nijeriya. A auna nisan da ke tsakanin wasan da yaro ke faɗar laifinsa da bakinsa ba tare da alƙali ba, da wasan da sai an sa na'ura kafin a yarda da shekarun da ya faɗa. Kuma laifin ba na yaran ba ne su kaɗai. Yaro ba ya rage wa kansa shekaru sai da sanin wani babba da ya nuna masa cewa kofi ya fi gaskiya daraja. Mai horar da yara a unguwa da ke sako ƙato mai gemu cikin wasan 'yan shekara goma sha uku don ya ci gasa, ya sani cewa akwai wani ɗan shekara goma sha ukun na gaske da ya bari a benci, kuma mai yiwuwa wannan yaron ba zai dawo atisaye gobe ba. Haka nan makarantar da ta yanka filin wasanta ta yi shaguna, ko wadda aka buɗe a gidan haya ba ko tsakar gida, ta hana ɗalibanta abin da makarantar ginin ƙasa ta iya ba nata shekara ɗari da suka wuce.

Rasuwarsa

A daren 15 ga Janairun 1966, wanda ya faɗo cikin watan azumi, sojoji ƙarƙashin Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu suka kai hari gidan Firimiya a Kaduna, suka kashe shi tare da uwargidansa Hafsatu. A daren ne kuma aka ɗauke Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa daga gidansa a Legas, bayan kwanaki aka tsinci gawarsa, aka kawo shi nan Bauchi aka yi masa sutura. Allah ya jiƙansu, ya gafarta musu.

An binne Sardauna a Kaduna. Harabar gidansa ita ce ta zama Gidan Arewa a 1970, cibiyar binciken tarihi ta Jami'ar Ahmadu Bello. Kwalejin da ta horar da shi ta bar Katsina zuwa Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, ita ce Kwalejin Barewa ta yanzu, tsohon gininta na ƙasa a Katsina kuma ya zama gidan adana kayan tarihi. Babbar gasar fayif da ake yi tsakanin jihohin Arewa sunanta Kofin Sardauna, kuma da ƙwallon tanis ake buga ta, da tafin hannu, ba safa.